Ruwan Bakin Ƙofa

A ƙasa nake zaune, na jingina da ƙofar gidanmu, nake rubuto muku wannan a waya. Dalilin zaman nan za ku ji shi a ƙarshe. Abin da nake roƙo kawai, ku bari in kai aya kafin ku yanke min hukunci, don na san da yawanku bayan Mama za ku bi.

Ni ce Nevena, mai sayar da tabarau a wani shago a tsakiyar Plovdiv, kuma saura ƙiris in kori mutumin kirki saboda shaidar kare. Kada ku yi dariya tukuna.

Karen sunansa Mecho. Baƙi ne, gashi buzu-buzu, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Mahaifina, Tati kamar yadda nake kiransa, shi ya tsinto shi a bakin kogi yana ɗan kwikwiyo, ya sa shi a cikin kwat ya kawo gida. Bara da kaka Tati ya tafi asibiti da ƙafarsa za a yi masa aikin zuciya, bai dawo ba. Tun daga lokacin Mecho ya kasa zama shi kaɗai. Da an ja ƙofa an murɗa makulli sai ya fara: ɗan kuka ƙasa-ƙasa, sai haushi, sai wani dogon kuka mai tsinka zuciya da ake ji tun daga hawa na biyar inda muke har wajen ajiye motoci. Ya karce ƙofa har fenti ya ƙare ya shiga katako. Ran da na dawo daga aiki na tarar da jini a faratansa, zama na yi a nan inda nake yanzu, muka yi kukan tare.

Na kai shi wajen likitar dabbobi, wata mata mai gajeren gashi da ba ta ɓata magana.

"Ba rashin ji ba ne, tsoro ne," in ji ta. "Kada ki dake shi, kada ki yi masa faɗa. Wanda yake tsoro in an dake shi tsoro biyu ya samu."

Babu abin da ban yi ba. Na shimfiɗa masa tsohuwar rigar sanyin Tati mai ruwan toka, wadda har yanzu Mama ba ta yarda an wanke ba. Nakan bar masa rediyo a tashar da ake surutu, don ya ji kamar da mutane a gidan. Na sayi wani ɗan abu da ake sokawa a soket, wai yana fitar da ƙamshi irin na karya mai shayarwa, mu ba ma ji sai shi. Na saya masa riga mai matse jiki, ya zama kamar an rungume shi. Kullum da daddare in cika ƙwallon roba mai rami da kindirmo in sa a firiza, da safe in ba shi ya yi ta lasa. Ni da ba na tashi da wuri ko don kaina, na koma zagaya gari da kare tun gari bai gama wayewa ba, don ya gaji ya yi barci.

Amma babban maganin, in ji likita, shi ne a daina sallama. Kada fita ta zama wani abu. In ɗauki makulli in koma in zauna in sha kofi. In sa takalmi in kalli talabijin. In fita in dawo nan take ba tare da na kalle shi ba, har makulli da takalmi su daina zama alamar tafiya a wurinsa.

Nan ne muka haɗu da Mama.

"A fita daga gida ba sallama?" ta ce, tana riƙe da ludayi. "Gidan ya zama otal ke nan, kowa ya saɓi jakarsa ya fice."

"Mamo, na ɗan lokaci ne. Ba sumba, ba runguma, ba tsayawa a ƙofa ana addu'a."

"Na ji. Na haifi 'ya, likitar kare ta raine ta."

Ta yi mitarta amma ta bi, ko kuma haka na zata. Kuma abin ya fara aiki. Ranakun aiki ni in tafi shago, Mama ta tafi makarantar yara inda take dafa abinci, mu dawo mu tarar da ƙofa lafiya, ƙwallo a lashe tas. Sai dai wasu ranakun, ba zato ba tsammani, komai ya rushe ya koma kamar ba a taɓa yi ba.

Irin waɗannan ranakun ne suka jawo mana Gospoja Mincheva, wato Madam Mincheva, maƙwabciyarmu ta ƙofar da ke kallon tamu, wadda kuma ita ce shugabar masu gidajen benen. Ta tare ni a bakin lif da rigar zaman gida mai furanni da robobin naɗe gashi a ka.

"Nevenche, na san babanki, mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa. Amma ni ma ina da hawan jini. An zauna an yi magana, zuwa ƙarshen wata ko dai kuka ya tsaya ko kare ya bar benen nan."

"Gospoja Mincheva, yana samun sauƙi fa."

"Sauƙi? Har fitsarinsa ta ƙarƙashin ƙofa yake fitowa. Ran Lahadi saura kaɗan in zame in karya ƙugu."

Na so in ce mata Mecho bai taɓa yin fitsari a gida ba, amma na haɗiye. Wanda yake neman alfarma ba ya gardama.

Ba a jima ba labari ya kai ƙauye wajen Lelya Penka, wato Gwaggo Penka, ƙanwar Tati, wadda ba ta taɓa jin matsala ba ta rasa maganinta. Ta bugo waya, Mama ta sa a fili don in ji.

"Ku kawo shi nan. Ga sarƙa, ga gindin inabi, ya yi ta kukansa kaji su saurara. Ran cikar shekarar yayana zan zo da mota, in tafi da shi a huta."

Karen da ya tashi a kan kafet, yana kwana a ƙafar Tati, shi za a ɗaure a tsakar gida ga dusar ƙanƙara tana tafe. Na san ba zai ga bazara ba. Kuma na san in ya tafi, abu na ƙarshe mai numfashi da Tati ya bari a gidan nan, ban da mu biyu, ya tafi.

Lelya Penkar nan dai ita ce ta kawo min ɗaya matsalar. Tihomir sunansa, ana ce masa Tisho, ɗan aminiyarta ne, direban babbar mota mai kai kaya Jamus. Ran da ya fara zuwa, wai an aiko shi ne da kwalaben miyar tattasai daga ƙauye, kamar babu motar haya a ƙasar. Dogo ne, mai faɗin kafaɗa, ba ya magana sai ya auna ta. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, sai ga babban yatsansa ya leƙo ta hudar safa, ya yi ta ƙoƙarin ɓoye shi a ƙarƙashin ɗaya ƙafar har aka gama shan kofi. Ba zan ɓoye muku ba, abin ya burge ni, kuma burgewar ta ba ni haushi.

Don ni na riga na yi wa kaina alkawari ba zan auri mutumin da sana'arsa tafiya ce ba. Rabin tagogin benenmu duhu ne da yamma, duk na waɗanda suka ce za su je su dawo. Na ga matan direbobi a shagonmu, waya a tafin hannu, ana gwada musu tabarau idonsu na kan allo. Ban ga abin sha'awa a wannan rayuwa ba.

Amma Mama da Lelya suka sa ni a gaba. Da safe Tisho, da rana Tisho.

"Ba ya sha, ba ya caca, yana da gidansa," in ji Mama. "Me kike nema, mala'ika?"

"Wanda yake kwana a gida nake nema."

"Kujera ma tana kwana a gida, aure ta."

Don a bar ni in sha iska na yarda muna ɗan fita in yana gari. Kofi, yawo a tsohon gari, sau ɗaya sinima. Sai na lura da wani abu da ya sa na ji kamar na tsinci dami a kala: duk ranar da Mecho ya birkice, ranar da na fita da Tisho ce. Ban tsaya dogon tunani ba, abin nema ya samu. Na kawo maganar a kan tebur.

"Mamo, kin lura? Aiki nake zuwa yini guda, shiru. Amma in fita da mutumin nan na awa biyu, gida ya kama da wuta. Kare yana ganin abin da ba ma gani."

Cokali ya tsaya a hannun Mama. Ta kalli kwanonta, ba ta kalle ni ba.

"Yanzu kare ne zai zaɓa miki miji?"

"Karen Tati ne."

Na san inda na soka, kuma da gangan na yi. Ta tashi ta kwashe kwanuka, ni kuma na ɗauki hakan a matsayin nasara.

Ran Lahadin da ta biyo na shirya in sallami Tisho. Likita ta daɗe tana ce min in ɗauki hoton abin da Mecho yake yi in ba kowa, sai ranar na samu sukuni. Na jingina tsohuwar wayata a kan katakon takalma tana kallon ƙofa, na haɗa ta da wadda ke hannuna, ban gaya wa kowa ba. Na sa koriyar rigata mai dogon hannu, da baƙin siket, da 'yan kunnen azurfa da Tati ya saya min ran da na gama makaranta. Ku tambaye ni me ya sa mai zuwa korar saurayi take sa rigar da ta fi yi mata kyau, ni ma ban sani ba.

"Ɗan shafa jan baki mana," in ji Mama daga kicin.

"Ba biki za ni ba."

Na ajiye wa Mecho ƙwallonsa, na kunna rediyo, na fice ba sallama. Ina cikin lif saƙo ya shigo.

Tisho: Na iso. Na kama mana tebur kusa da hita, na san ki da jin sanyi.

Ni: Ina hanya. Akwai maganar da za mu yi.

Tisho: Mai daɗi, ko in sha kofi tukuna?

Ni: Sha kofi.

Na tarar da shi cikin farar riga da aka goge har tana da kaifi, ya yi aski. Ya saurare ni har na gama, yana juya ƙaramin kofi a cikin katon hannunsa. Na yi ta kwana-kwana, cewa shi mutumin kirki ne, cewa laifin ba nasa ba ne, sannan na dire a kan Mecho.

"Wato kare ne ya ƙi ni," ya ce.

"Ban ce haka ba."

"Kin ce, sai dai da ladabi."

"To bari ka gani da idonka."

Na ajiye waya a tsakaninmu na mayar da hoton baya zuwa lokacin da na fita. Ga ni na ja ƙofa. Ga Mecho ya ɗaga kai, ya kalli ƙofar, ya koma kan kindirmonsa. Shiru. Na fara jin zafi a kunnuwana. Tisho ya ci gaba da kallon allon.

Sai ga Mama ta shigo hoton, sanye da kwat ɗinta ta zuwa coci, da wani abu a hannu. Na gane shi tun kafin ta juyo: tsohuwar moɗar tagulla ta kakata, wadda na zata tana can saman kabad tana shan ƙura. Da ita aka zuba min ruwa a bakin ƙofa ran da na fara makaranta, da ran kowace jarrabawa, don tafiya ta yi sauƙi kamar gudun ruwa.

Mecho na ganin moɗar ya saki ƙwallo. Ya miƙe, wutsiya a tsakanin ƙafafu, jikinsa na kyarma har a allo ana gani. Mama ba ta ma lura da shi ba. Ta buɗe ƙofa, ta kwara ruwan a waje inda na taka, ta yi alamar gicciye, muryarta ta fito ƙasa-ƙasa ta cikin wayar.

"Ubangiji ka sa tafiyarta ta bi ruwa. Ka tausasa mata kan nan nata mai tauri, ta buɗe baki ta ce wa yaron nan e."

Ta ajiye moɗar, ta ɗauki jakarta, ta kulle ƙofa ta tafi kunna min kyandir a coci. Kafin ƙarar makulli ta mutu Mecho ya riga ya yi tsalle ya bugi ƙofar da ƙirjinsa.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ashe ruwa ba ya tsami banza, ni ce na kama wanda bai ji ba bai gani ba. Ga fitsarin Gospoja Mincheva ma ya bayyana.

Tisho ya goge bakinsa da takarda, a hankali.

"To, an wanke ni, ko da saura?"

"Tisho, don Allah."

"Tashi mu je, yana jin ciwo."

Shi ya tuƙa, ni ina riƙe da waya ina kallon karena yana haƙar ƙofa. Muna buɗewa Mecho ya faɗo kaina, numfashinsa kamar zai fita. Ban gama lallashinsa ba Mama ta dawo tana ƙamshin kyandir, ta gan mu mu uku a ƙasa, ta ga moɗar a hannuna.

"Tun yaushe, Mamo?"

Ta cire kwat ta rataye, ta gyara masa kafaɗa, ta sake gyarawa.

"Duk ran da kika fita da shi."

"Kina kallo ina zargin bawan Allah, kika yi shiru. Kina kallo za a kai Mecho sarƙa."

"Ina na san ruwa ne? Ruwa fa, Nevena. Me ruwa ya yi wa kare?"

"Ban sani ba, amma daga yau an daina. Moɗar nan ta koma saman kabad."

"A'a."

Ban taɓa jin Mama ta faɗi kalmar nan haka ba, ba faɗa, ba mita. Ta zauna a kan 'yar kujerar sa takalmi, ta ɗora hannuwa a gwiwa.

"Ran da kika tafi da babanki asibiti a tasi, ina can ɗaki ina neman tabaransa na karatu. Na cika moɗar tun safe na ajiye, na manta. Sai da na ji motar ta tashi na tuna. Na fito da gudu na zuba, ba kowa a wurin, ruwan ya bi matakala shi kaɗai. Na tsaya ina kuka, karen nan yana kallona. Sannan na kulle shi na bi ku."

Sauran na sani. A asibiti muka kwana, muka yini. Ba wanda ya tuna da Mecho sai washegari da yamma, lokacin da muka dawo mu biyu da jakar Tati a hannu.

"Na san ba ruwa ne yake riƙe rai ba," in ji Mama. "Ba yarinya ba ce ni. Amma shekara talatin da ɗaya ban taɓa barinsa ya yi tafiya ban zuba ba, sai ran nan. Kada ki ce in bari, ba zan iya ba."

Duk fushin da na taho da shi ya zube. Shekara guda muna gida ɗaya, tana ɗauke da wannan ita kaɗai, ni ina ta hidimar tsoron kare ban ga na uwata ba. Na rungume ta a nan bakin ƙofar da na hana runguma. Gaskiyar masu magana, sabo ake yi wa kuka.

Da muka natsa na kalli moɗar, na kalli makullan da ke rataye. Makullan nan ma da can suna sa shi kyarma, yanzu ko kallo ba su ishe shi ba. Ta inda aka hau ai ta nan ake sauka.

"Ba za a ɓoye ta ba," na ce. "Zai ga an zuba ruwa, mutum ya fita, mutum ya dawo. Sau ɗari in ta kama. Sai dai ni ba zan iya fita in kuma zauna da shi a lokaci guda ba."

Tisho, wanda tun ɗazu yake tsaye a lungu kamar sandar rataye kwat, ya yi gyaran murya.

"Fita da dawowa ai sana'ata ce."

Na buga wa likita, ta ce hanyar ke nan, amma a bi a hankali, ta kuma rubuta masa wani magani mai kwantar da hankali na 'yan makonni. Tisho ya musanya tafiyarsa da wani abokin aikinsa. Kwanakin farko moɗar kawai muke ajiyewa a tsakar ɗaki, babu ruwa, Mecho ya kalle ta daga nesa, in ba shi ɗan cuku. Daga nan Mama ta riƙa ɗaukarta tana ajiyewa. Sannan aka fara zuba cokali guda, Tisho ya tsallaka, ya ja ƙofa, ya buɗe kafin kuka ya taso. Haka kullum da yamma in na taso aiki. Mama ta zuba, Tisho ya fita, ni in goge.

Gospoja Mincheva ta gaji da leƙe ta hudar ƙofa, ta buɗe.

"Samari, sau nawa za ka je Jamus yau?"

"Saura uku, Gospoja. Akwai saƙo?"

Ta rufe ƙofa da ƙarfi, amma na ji dariyarta daga ciki.

A hankali tafiyar ta ƙara tsawo. Ya sauka hawa ɗaya ya dawo. Ya je ƙasa ya dawo. Ya je gidan burodi ya dawo da burodi mai zafi. Daga baya muka riƙa fita dukanmu mu tsaya a matakala muna kallon waya kamar ɓarayi. Akwai ranar da muka yi gaggawa, Mecho ya birkice, muka koma baya da aikin kwana uku, na zauna a matakala na ce na gaji, a kai shi ƙauyen kawai. Tisho ya zauna a gefena, bai taɓa ni ba.

"Na yi maka rashin adalci," na ce.

"Kin yi. Amma ba kare ne ya ƙi ni ba tun farko, na sani."

"Ba ƙi ba ne. Ba na son zaman jira ne."

"Ba zan ce miki kada ki ji tsoro ba, hanya hanya ce. Abin da na sani, ban taɓa fita ba sai da niyyar dawowa."

"Tati ma da niyyar dawowa ya fita."

"Na sani," ya ce.

Yau Asabar, ƙarshen wata, cikar shekarar Tati. Yau ce kuma ranar da Tisho ya koma hanya, ba sauran wanda zai musanya da shi. Dole gidan ya zama ba kowa tun safe har bayan azahar, don ba a shiga maƙabarta da kare. Lelya Penka ta iso da wuri, sarƙar tana cikin but ɗin mota, ta tabbatar na ji ƙararta. Mama ta dafa alkamar sadaka da sukari, ta sa baƙaƙen kaya, ni ma haka.

Tisho ya biyo sallama da jakarsa a kafaɗa. Mama ta cika moɗar har baki, ta zo bakin ƙofa, sai ta juyo ta miƙo min.

"Hannuna yana rawa yau," ta ce.

Ƙarya take yi, hannunta ƙalau. Lelya Penka ta kama baki. Kowa a wurin ya san ba a zuba wa baƙo ruwa, kuma ya san matar namiji ce take zuba masa in zai yi tafiya. Na kalli Mecho, yana kwance a kan rigar Tati, idonsa a kaina. Na karɓa. Na zuba a gaban ƙafafun Tisho yadda ake yi, a kan idonsa, ba bayan ya tafi ba.

"Allah ya sa ta bi ruwa," na ce.

Ya tsallaka, ya juyo ya kalle ni sau ɗaya, lif ya rufe. Muka ba Mecho ƙwallonsa muka kulle. Gospoja Mincheva ta bar ƙofarta a buɗe, ta jawo kujera ta zauna kamar alƙali.

Allah ya yafe min, rabin addu'ar da aka yi a kabarin Tati idona na kan wayar da ke cikin jakata. Na ga Mecho ya tashi ya je ƙofa, ya shinshina ƙasanta. Ya yi kuka sau biyu, siriri, zuciyata ta tsaya. Ya zagaya, ya sake zagayawa. Sannan ya ɗauko ƙwallonsa ya kai kan rigar Tati, ya kwanta. Na fashe da kuka, mutane suka yi ta dafa ni suna ba ni haƙuri a kan rashin uba, kuma ba su yi kuskure ba.

Da muka dawo Gospoja Mincheva tana nan a kujerarta. Mama ta miƙa mata alkamar sadaka, ta ci cokali guda, ta yi wa Tati addu'a.

"Ni dai ban ji komai ba," ta ce. "Amma a riƙa goge ruwan nan."

Lelya Penka ta koma ƙauye da sarƙarta. Mecho ya zauna.

Da la'asar saƙo ya shigo.

Tisho: Na tsallake iyaka. Yaya mutumina?

Ni: Ya ci jarrabawa.

Tisho: Na san zai ci. Alhamis zan dawo. In zo ni kaɗai, ko in zo da mahaifiyata da furanni?

A wajenmu in namiji ya zo da mahaifiyarsa da furanni, neman aure ya zo. Na rubuta amsa na goge, na sake rubutawa na goge. Na je kicin na sha ruwa na dawo. Da na gaji da kaina sai na rubuta kalma uku, "Zo da ita," na rufe ido na tura.

Saƙon ya tafi, amma bai isa ba. Alama ɗaya ce a gefensa tun ɗazu, ta biyun ta ƙi fitowa. Na san hanyar akwai duwatsu, na san akwai inda waya ba ta kamawa, na san direba ba ya taɓa waya yana tuƙi. Duk na sani. Amma rana ta faɗi, kuma ban san lokacin da na baro kujera na dawo nan bakin ƙofa na zauna ba.

Mama ta leƙo daga kicin, ta daɗe tana kallona.

"In kunna miki rediyo?" ta ce.

Ban yi dariya ba, ita ma ba ta yi ba. Ta koma ciki, ta fito da rigar sanyinta ta yafa min a kafaɗa, ta zauna a gefena a ƙasa duk da ciwon gwiwarta. Mecho ya ɗaga kai daga kan rigar Tati ya kalle mu, ya kalli ƙofar, ya koma barcinsa. Har yanzu alama ɗaya ce.